Taswirar aikin ƙwaƙwalwar ɓera: tambayoyi da amsoshi

Shafin nan ya tattara tambayoyin da ɗalibai da masu sha'awar kimiyya suka fi yi game da yadda ake ɗaukar hoton ƙwaƙwalwar ɓera tana tsakiyar aiki. Ɓeran da ake magana a kai shi ne babban nan da masana ke kira Rattus norvegicus, wanda ake kiwo musamman domin bincike. Ƙaramin ɓera, Mus musculus, labarinsa daban ne, ko da yake dabarun kusan ɗaya ne.

Me ake nufi da taswirar aiki? Ba an daɗe da zana sassan ƙwaƙwalwar ɓera ba?

An daɗe. Tun 1982 George Paxinos da Charles Watson suka fitar da kundin taswirarsu a Ostareliya, kuma har gobe da wuya ka shiga ɗakin binciken da ake yi wa ɓeraye aikin kai ba ka same shi a kusa ba. Sun yanka ƙwaƙwalwar fale-fale, suka zana kowane yanki, suka ba kowane sashe adireshi da milimita. Daga wani wuri a kan ƙoƙon kai ake fara awon, inda ɗinkin ƙasusuwa ya haɗu, wanda ake kira biregma. Idan mai bincike a Japan ya ce milimita kaza bayan biregma, kaza zuwa gefe, kaza zuwa ƙasa, takwaransa a Jamus zai sa allura a wuri guda. A 2014 masana a Jami'ar Oslo suka fito da wani kundi mai suna Waxholm, da aka gina shi kan hoton MRI, wato na'urar ɗaukar hoton cikin jiki da maganaɗisu, wanda ake juya shi ta kowace fuska a kwamfuta.

Duk waɗannan siffa suke nunawa: ga wannan sashe, ga iyakarsa. Taswirar aiki wasu tambayoyi biyu take amsawa. Wane sashe ne ke motsawa idan an taɓa ƙafar ɓeran, ko an kunna masa fitila, ko ya shaƙi wari? Sannan waɗanne sassa ne ke tafiya tare, ko da suna nesa da juna? Iyakokin da aiki ke shatawa ba lallai su faɗo daidai kan na siffa ba, kuma wurin da suka saɓa shi ne ya fi jan hankalin masana.

Me ya sa sai ɓera, alhali ana iya sa mutum a cikin na'urar?

Ana sa mutum, ana kuma samun hotuna masu kyau. Matsalar ita ce ba yadda za a yi a bincika ko hoton gaskiya ya faɗa. Ba za ka huda kan lafiyayyen mutum ka zura waya ka saurari ƙwayoyin jijiyarsa ba. Ba za ka kashe masa wani sashe na awa ɗaya don ka ga abin da zai canza ba. A ɓera ana yin duk wannan, kuma a ƙarshe a duba naman ƙwaƙwalwar da madubin ƙara girma. A ganina wannan shi ne babban amfaninsa: wurin da ake gwada na'urar kanta, a gane abin da take gani da abin da take ƙagawa.

Akwai kuma tarihi. Cibiyar Wistar da ke Filadelfiya ta fara kiwon zuriyar fararen ɓerayenta tun 1906, daga baya aka samu irin su Sprague Dawley da Long-Evans. Fiye da shekara ɗari ke nan ana tara sani a kan halayyar dabbar nan. A ƙwaƙwalwar ɓera John O'Keefe ya gano ƙwayoyin da ke gane wuri a 1971, May-Britt Moser da Edvard Moser suka gano masu auna fili a 2005, su uku suka raba kyautar Nobel ta 2014. Sannan ƙwaƙwalwarsa, mai nauyin kusan giram 2, ta ninka ta ƙaramin ɓera sau huɗu ko biyar, abin da ke sauƙaƙa tiyata da ɗaukar hoto.

To ta yaya na'urar ke ganin aikin ƙwaƙwalwa?

Ba ta ganinsa. Jini take gani, kuma duk wanda ya riƙe wannan ya fahimci rabin fannin.

Ƙwayoyin jijiya da lantarki suke magana, cikin kashi ɗaya bisa dubu na sakan. MRI ba ta jin wannan ko kaɗan. Abin da take ji shi ne abin da ke biyo baya. Idan ƙwayoyin wani wuri suka ƙara himma, hanyoyin jinin da ke kusa sai su buɗe, jini ya kwararo. Charles Roy da Charles Sherrington sun hango haka tun 1890. A 1936 Linus Pauling da Charles Coryell suka nuna cewa himogulobin, sinadarin da ke ɗaukar iskar oksijin a cikin jini, yana canza hali gaban maganaɗisu: idan ya sauke oksijin ɗinsa yana dagula maganaɗisun da ke kewaye da shi, idan yana ɗauke da shi kuwa kusan ba ruwansa.

Wanda ya haɗa biyun shi ne Seiji Ogawa, a ɗakunan binciken Bell a Amurka, a 1990, kuma da ɓeraye ya yi. Ya lura da wasu siraran baƙaƙen layuka a hoton ƙwaƙwalwarsu. Idan aka shaƙa musu oksijin zalla, layukan su dusashe. Idan aka rage, su fito raɗau. Hanyoyin jini ne masu ɗauke da himogulobin da ya sauke kayansa. Wannan siginar ita ake kira BOLD, dabarar kuma fMRI, wadda aka gwada a kan mutane a 1992.

Wani abin ban mamaki: za ka zaci wurin da ke aiki zai yi duhu tunda yana cin oksijin. Akasin haka ke faruwa. Jinin da ake turowa ya fi abin da ake buƙata, sai wurin ya cika da jini mai oksijin, hoton ya ƙara haske. Ƙarin ba shi da yawa, galibi bai kai kashi 5 cikin ɗari ba, kuma a makare yake zuwa: sakan 5 zuwa 6 kafin ya kai ƙololuwa a mutum, wajen rabin haka a ɓera. Kamar mai hangen hayaƙi ne daga nesa. Ya san an hura wuta a gidan, amma bai san abin da ke kan murhu ba.

Yaya gwajin yake gudana a zahiri?

Ɗauki gwajin ƙafar gaba, wanda kusan kowane sabon ɗalibi da shi yake buɗe ido. Ana sa ɓeran barci, a kwantar da shi rub da ciki a kan wani siririn gado na roba. Haƙoransa na gaba su kama wani ɗan sanda, a sa wasu sanduna biyu a kunnuwa, don kada kan ya gusa. Ana shafa masa man ido, domin ɓera ba ya rufe ido idan an sa shi barci. Ƙarƙashin ƙirjinsa akwai 'yar matashiya mai ƙirga numfashi, a tafin ƙafar baya ko a wutsiya akwai abin auna oksijin da bugun zuciya, wadda a ɓera takan buga sau 300 zuwa 400 a minti idan yana farke. Ruwan ɗumi na zagayawa cikin gadon don jikin ya tsaya a digiri 37, saboda ƙaramar dabba ba ta da wuyar sanyaya. A saman kai a ɗora 'yar nadaddiyar waya mai karɓar sigina, a sa allurai biyu sirara a ƙarƙashin fatar ƙafar gaba, sannan a tura gadon cikin ramin maganaɗisun.

Daga nan sai haƙuri. A saki ƙaramar wutar lantarki na sakan ashirin ko talatin, a tsaya, a sake, a tsaya, na'urar tana ɗaukar hoton ƙwaƙwalwar kowane sakan ɗaya ko biyu. Kwamfuta ta bi hoton ɗigo bayan ɗigo tana tambaya: wanne ne ke haske lokacin da aka kunna, ya koma idan an kashe? Idan komai ya tafi daidai, ƙafar dama za ta haska wani ɗan wuri a ɓawon ƙwaƙwalwa, wato shimfiɗarta ta waje, a ɓangaren hagu, domin hanyoyin ji suna tsallakawa ɗaya ɓangaren. Idan bai haska ba, gogaggen mai bincike ba ya fara zargin ƙwaƙwalwa. Numfashi yake fara dubawa. Iskar da ɓeran ya kasa fitarwa idan ta taru a jini tana buɗe hanyoyin jinin kai gaba ɗaya, amsar da ake nema ta nutse.

Me ya sa ake yawan ambaton gashin bakin ɓera?

Saboda a nan ne aka san amsa tun kafin a ɗauki hoto. Ɓera dabbar dare ce, da gashin baki yake lalube, yana kaɗa su gaba da baya sau da yawa a sakan guda. Manyan gasun a jere suke, layi biyar a kowane kunci, kuma masana sun ba kowane gashi harafi da lamba, kamar C2 ko D4. A 1970 Thomas Woolsey da Hendrik Van der Loos suka bayyana cewa a cikin ɓawon ƙwaƙwalwar ƙaramin ɓera akwai dunƙulen ƙwayoyi masu siffar ganga, an jera su daidai yadda gasun suke a fuska, ganga ɗaya ga gashi ɗaya. Haka yake a babban ɓera ma. Faɗin ganga ɗaya bai kai rabin milimita ba.

Ka ga an samu ma'auni. A 1996 masu bincike a Jami'ar Yale suka kaɗa gashi guda, suka nuna fMRI na iya haska gangarsa. Har yau duk sabuwar dabarar ɗaukar hoto, a nan ake fara yi mata jarrabawa.

An ce ana zana taswirar ko ba a taɓa ɓeran ba. Yaya ke nan?

Ƙwaƙwalwa ba ta yin shiru. Ko dabba na kwance ba abin da take yi, siginar jini tana hawa tana sauka a hankali, zagaye ɗaya cikin sakan goma ko fiye. Da can hayaniya aka ɗauke ta, ana share ta. A 1995 Bharat Biswal, yana ɗalibi a Milwaukee, ya lura cewa a mutumin da ke hutawa, sashen da ke motsa hannu a dama da takwaransa na hagu tare suke hawa, tare suke sauka. Wajen 2008 aka tabbatar da haka a ɓeraye.

Hanyoyin karanta wannan motsi iri-iri ne. Wani zai zaɓi wuri ɗaya ya ce kwamfuta ta nemo masa duk wuraren da ke bin takunsa. Wani zai bar lissafi ya rarrabe hoton gungu-gungu da kansa. Wani kuma zai tara ɗigogin da abokan tafiyarsu ɗaya ne, ya ce wannan yanki guda ne, ta haka ya raba ƙwaƙwalwar ba tare da ya buɗe littafin siffa ba. Rukunin Nanyin Zhang a Jami'ar Jihar Pennsylvania ya yi irin wannan da ɓeraye a farke. Abin da ya fi fitowa fili a kowane ɗakin bincike shi ne tagwaye: sashen ji na dama da na hagu, na motsi, na gani, na sauraro. Ana kuma ganin gungu a cikin sitirayatom, mai hannu a motsi da lada, da hifokamfus, mai hannu a tunawa da sanin wuri. Kuma abin ba a tsaye yake ba. Shella Keilholz da abokan aikinta a Atlanta sun nuna siginar tana ratsa ɓawon ƙwaƙwalwar ɓera daga gefe zuwa tsakiya, ta lafa, ta sake tasowa.

Da gaske ne ɓera yana da gungun da mutum ke zancen zuci da shi?

A 2001 Marcus Raichle ya bayyana wasu sassa a ƙwaƙwalwar mutum da ke rage aiki idan an ba shi wani abu ya mai da hankali a kai, su dawo idan an ƙyale shi. An danganta su da tuna baya, da tunanin kai, da saƙe-saƙen zuci. A 2012 Hanbing Lu da abokan aikinsa a Baltimore, har da Raichle ɗin kansa, suka ruwaito gungu mai kama da shi a ɓera, wanda ya bi tsakiyar ƙwaƙwalwa daga gaba zuwa baya ya haɗa da hifokamfus.

Kamannin wuri tabbas akwai. Amma a lura: ɓerayen suna cikin maganin barci lokacin da aka ɗauki hoton, kamar yadda birran da aka ga irin gungun a jikinsu a 2007 suke. Gungun da ke nan daram a dabbar da ba ta cikin hayyacinta, ba za a ce shaidar tunani ba ce. Abin da ya fi kusa da gaskiya shi ne tsohon shiri ne a ƙwaƙwalwar dabbobi masu shayarwa, wanda kowace dabba ke amfani da shi gwargwadon rayuwarta.

Maganin barcin ba ya ɓata sakamako?

Yana ɓatawa, kuma a nan gizo ke saƙa. Dalilin sa shi a fili yake: ɗigon hoto bai kai rabin milimita ba, ɗan motsin kai kaɗan ya isa ya lalata aikin yini. Amma kowane magani hannu biyu yake sawa, ɗaya a kan ƙwayoyin jijiya, ɗaya a kan hanyoyin jini, wato a kan abin da ake aunawa da kuma ma'aunin.

Aisofuluren, wanda ake shaƙawa, yana buɗe hanyoyin jini. Idan ya yi yawa sai ƙwaƙwalwar ta shiga wani yanayi na yin tsit, ta fashe da aiki gaba ɗaya, ta sake yin tsit. A hoto sai ka ga kowane sashe ya haɗu da kowane sashe, wanda bai sani ba ya yi murna ya ce ya gano babban gungu. Medetomidin, da likitocin dabbobi ke amfani da shi, yana tsuke hanyoyin jini, yana rage bugun zuciya. Kyansa shi ne akwai allurar da ke warware shi, ɓeran ya farka a sake ɗaukarsa wani makon. Alfa-kuloralos, wanda aka daɗe ana amfani da shi a gwajin ƙafa, yana ba da amsa mai ƙarfi, sai dai galibi ba a tashin dabbar bayansa. Hatta saurin bugun lantarkin da ya fi tayar da ƙwaƙwalwa yana canzawa daga magani zuwa magani. Shi ya sa ɗakunan bincike da yawa suka koma haɗa kaɗan daga aisofuluren da kaɗan daga medetomidin, kowanne ya rage illar ɗan'uwansa.

To me zai hana a ɗauki hoton ɓeran idonsa biyu?

Ana yi. Jean King da Craig Ferris a Jami'ar Massachusetts sun wallafa tsarin sabar da ɓera a 2005. Kullum a sa shi a na'urar kwaikwayo, a toshe masa kunne, a kunna masa ƙarar na'urar gaske, wadda ta wuce desibel 100, ana ƙara tsawon zaman har kusan mako guda. Ana bin numfashinsa da sinadarin tashin hankali a jininsa don a ga ko ya sauka.

Sai dai ɓeran da ya daina kiciniya, ya saba ne ko ya sallama? Masana ba su gama daidaitawa kan wannan ba. Ɗaure ɓera na kwanaki yana daga cikin hanyoyin da ake bi da gangan a jefa shi cikin damuwa a wasu binciken. Saboda haka mai nazarin tsoro ko raɗaɗi dole ya yi taka-tsantsan, kada horon ya riga shi canza abin da ya zo aunawa.

Na'urar asibiti za ta iya wannan aikin?

Da ƙyar. Da tesla ake auna ƙarfin maganaɗisu, kuma na'urorin asibiti yawanci tesla 1.5 ne ko 3. Na ɓera 7 ne, ko 9.4, ko 11.7, wasu ma sun fi haka, rami kuma ɗan ƙarami. Ga dalili. Ɗigon hoton mutum yakan kai milimita 3 ta kowace fuska. Na ɓera a ce 0.4. Idan ka lissafa cikinsa, ya ragu fiye da sau 400, siginar kuma da girman ɗigon take tafiya. Ƙarfin maganaɗisu da 'yar wayar da ke manne da kai su ke cike giɓin. Wasu ma sanyaya wayar suke yi ƙwarai don rage hayaniyarta. Duk da haka ɗigo ɗaya yana ƙunshe da dubban ƙwayoyin jijiya.

Ƙarfin yana da nasa haraji. Duk inda iska ta yi maƙwabtaka da nama, hoto na murguɗewa ko ya ɓace, kuma ramukan kunnen ɓera suna daf da ƙasan ƙwaƙwalwarsa. Sassan can ƙasa, irin su amigdala mai hannu a tsoro, sukan fito dishi-dishi. Idan taswira ta nuna ba komai a wurin, a fara tambaya ko na'urar ta gani ma.

Launukan ja da rawaya da ake gani a hoton, haka ƙwaƙwalwar take?

A'a. Lissafi ne aka shafa wa launi, aka ɗora kan hoton siffa mai toka-toka. Mai bincike ne ke yanke iyakar da ɗigo zai kai kafin a ba shi launi, kuma idan ɗigogi dubbai ne, wasu za su tsallake iyakar bisa dace kawai. A 2009 Craig Bennett ya ba da rahoton yadda ya sa mataccen kifin salmon a na'urar, ya nuna masa hotunan mutane, ya samu ɗigogi masu haske a kansa, don dai ya nuna abin da ke faruwa idan ba a yi gyaran lissafin ba.

A fagen ɓera, babban duba-kai ya zo a 2023. Joanes Grandjean na Jami'ar Radboud a Holan ya jagoranci tara tarin bayanai 65 daga cibiyoyi 46, aka bi da su ta lissafi ɗaya. Jarrabawar mai sauƙi ce: yankin gashin baki na dama ya kamata ya tafi tare da na hagu, kada kuma ya tafi da wani sashe na gaba da ba su da wata alaƙa ta kusa. Hotuna da yawa sun faɗi, wasu ba haɗi ko kaɗan, wasu haɗi ko'ina. Daga nan aka tsara ƙa'ida guda ta magani da ɗaukar hoto, mai suna StandardRat, aka gwada ta a cibiyoyi 20, sakamako ya inganta. Wannan aikin ba shi da armashin gano sabon abu, amma na fi ganin ƙimarsa a kan takardu da yawa masu kyawun hoto.

Idan sassa biyu na tafiya tare, ɗaya ne ke tura ɗaya?

Ba dole ba. Mai yiwuwa wani na uku ne ke jan su duka, kamar talamus, tashar da saƙonni ke bi kafin su hau ɓawo. Mai yiwuwa ma numfashi ne ko bugun zuciya. Hoton hutu ba ya faɗin wa ya fara.

A nan ɓera ya yi wa mutum fintinkau. A 2010 Jin Hyung Lee da Karl Deisseroth suka haɗa fMRI da dabarar kunna ƙwayoyin jijiya da haske. Ana ɗauko wani sinadari daga koren gansakuka mai jin shuɗin haske, a shigar da ƙwayar halittarsa cikin nau'i ɗaya na ƙwayoyin jijiya, a zura siririn zaren gilashi. Da suka haska sashen motsi a ɓawon ƙwaƙwalwar ɓera, wurin ya amsa, talamus da ke nesa ma ya amsa. Yanzu an san wa ya fara. Sai dai haske kansa yana ɗumama nama, yana kuma iya taɓa hanyoyin jini, don haka dole a maimaita gwajin a ɓeran da ba a sa masa sinadarin ba. Wasu kuma waya suke sawa su saurari lantarkin kai tsaye yayin ɗaukar hoto. Aikin Nikos Logothetis a kan birrai a 2001 ya nuna siginar jini ta fi bin saƙonnin da ke shigowa wuri da sarrafa su a can, fiye da waɗanda ke fita.

Ban da fMRI, da me ake aiki?

Tsohuwar hanya ita ce ta Louis Sokoloff, 1977: a yi wa ɓera allurar wani sukari mai alamar nukiliya, wanda ƙwaya ke haɗiya ta kasa narkarwa. Inda aka fi aiki, nan ya fi taruwa. Sai an yanka ƙwaƙwalwar ake gani, amma daga nan aka samo hoton PET na sukari, mai bin sawun irin wannan alamar a jiki mai rai, wanda asibitoci ke neman ciwon daji da shi a yau. PET na ɓera yana iya bin sinadarai kamar dofamin, ɗaya daga cikin masu kai saƙo tsakanin ƙwayoyin jijiya, sai dai hotonsa bai da kaifi, wajen milimita ɗaya. Akwai kuma sinadarin manganis, wanda ke shiga ƙwayar jijiya ta ƙofar kalsiyam idan tana aiki, ya haska a MRI, har ya bi zaren jijiya zuwa tasha ta gaba. Illarsa guba ne idan ya yi yawa.

Wadda ta fi tashe ita ce ta sauti, dangin na'urar duba juna biyu amma mai saurin gaske. Emilie Macé da Mickael Tanter suka gabatar da ita a Faris a 2011, suka nuna amsar gashin baki da yadda farfaɗiya ke yaɗuwa a ƙwaƙwalwar ɓera. Kaifinta ya kai kashi ɗaya bisa goma na milimita, ba ta buƙatar ƙaton maganaɗisu, ana ma iya ɗora ta a kan ɓera yana yawo. Ƙashi ne abokin gabarta: a babban ɓera sai an kankare ƙoƙon kai ko an buɗe taga. Ita ma jini take gani.

Wane amfani marar lafiya ya samu?

Misali mafi bayyana shi ne shanyewar ɓarin jiki. Ana zura siririn zare ta jijiyar wuya a toshe babbar hanyar jinin da ke ciyar da gefen ƙwaƙwalwa, bayan wani lokaci a zare. Rick Dijkhuizen da abokan aikinsa sun nuna a 2001 cewa a kwanakin farko, taɓa ƙafar da ta shanye yana tayar da ɓangaren da bai ji ciwo ba. Bayan mako biyu aikin ya fara komawa gefen raunin. Daga baya a birnin Utrecht na Holan suka nuna haɗin dama da hagu yana yankewa, kuma dawowarsa na tafiya tare da dawowar ƙarfin ƙafa. An ga makamancin haka a majinyata. Ana irin wannan bibiya a farfaɗiya, da shaye-shaye, da raɗaɗi mai daɗewa.

Amma a yi hattara da alkawari. Wani nazari na 2006 ya ƙirga magungunan shanyewar jiki 1,026 da aka gwada a ɗakunan bincike, waɗanda suka kai ga amfanar mutane kuwa ba su cika yatsun hannu ɗaya ba. Ɓeran bincike matashi ne, ba hawan jini, ba ciwon suga. Ƙwaƙwalwarsa sumul take ba lanƙwasa, ƙwayoyin jijiyarta wajen miliyan 200 ne, na mutum biliyan 86. Kaso mai yawa nata ya tafi ga wari da gashin baki. Sashen goshi da mutum ke tsara gobe da shi, har yanzu ana gardama ko ɓera yana da takwaransa na haƙiƙa.

Ina batun haƙƙin dabbar?

Ma'aunin da kusan kowace ƙasa mai dokar binciken dabbobi ke bi shi ne wanda William Russell da Rex Burch suka shimfiɗa a 1959: a musanya dabba da wani abu in zai yiwu, a rage yawan da ake amfani da su, a sassauta wahalarsu. Birtaniya tana da dokarta ta 1986, Tarayyar Turai tana da umarnin 2010, a Amurka kuma kwamitin kowace cibiya ne ke tantance gwaji kafin a fara. Ɗaukar hoto ya taimaka wajen ragewa: a da, mai son ganin rauni a kwana na 1 da na 7 da na 30 sai ya kashe rukuni uku, yanzu ɓera ɗaya ake bi har ƙarshe. Wannan bai share tiyata, da ɗauri, da ƙara ba, kuma yawancin ɓerayen ana kashe su a ƙarshen binciken don a duba naman.

Rage yawa ma yana da iyaka, domin gwajin da aka yi da ɓeraye kaɗan har ya kasa ba da amsa asarar dabbobin ne gaba ɗaya. Haka nan shekaru da dama maza kaɗai akasarin masu bincike ke ɗauka, bisa zaton cewa zagayen jikin mata zai rikita sakamako. A 2016 NIH, hukumar binciken lafiya ta Amurka, ta fara buƙatar duk mai neman kuɗinta ya sa jinsi a lissafinsa, ko ya kawo hujjar barin ɗaya. Taswirori da yawa da ake dogaro da su an zana su kafin wannan ƙa'ida, kuma na ɓeraye maza ne.